Jarkokin Maganin Feshi Sun Haɗa Ni da Baffana

Gwaggo Saude, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

A Bakura muke, noman shinkafa muke yi a Bakolori, kuma duk gidan ni kaɗai na yi karatun aikin gona. Da na dawo bara sai na tarar ana ɗauraye jarkokin maganin feshi da suka ƙare, ana zuba ruwan sha a ciki, har da man girki. Ɗiyar yayana, Nagode, kullum cikin amai da ciwon ciki take. Ban ce su ne ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Ranar sunan ɗan ƙanwata, gida cike da baƙi, na ga Baffa Bube, ƙanen mahaifina, ya ɗaga jarka zai sha. Na fizge, na zubar, na ce jahilcin nan ne zai kashe mu. Wallahi tsoro ne ya sa ni. Tun ranar Baffa ba ya amsa gaisuwata. Mahaifina ya ce boko ya hau mini kai. Jarkokin da na ɓoye ma an ciro su, an ci gaba da sha. Gaskiya fa na faɗa, Gwaggo. Ina laifina?

Ɗanki mai damuwa, daga Bakura

Ɗana, tsoronka yana kan hanya. Jarkar maganin feshi ba ta wankuwa, bai kamata a ci ko a sha a cikinta ba. Amma duba: dattijo ka fizge wa ruwa daga baki a gaban surukai. In ya yar da jarkar nan yau, ya amsa sunan jahili ke nan. Wa zai yarda?

Fara da abin da ba ya jira. A kai Nagode asibiti, a gaya wa likita zancen jarkar. Sannan ka sami Baffa shi kaɗai, ka durƙusa ka ba shi haƙuri, kada ka haɗa da "amma". Ranar ko ruwa kada ka ambata.

Ka daina ɓoye musu kaya ba ka ba su madadi ba. Samo randa ko sababbin jarkoki ka miƙa wa mahaifiyarka, ai ruwan gida a hannun mata yake.

In ƙura ta lafa, nemi shawarar Baffa. Ya daɗe yana feshi, ya san yadda maganin ke ƙona hannu. Tambaye shi yadda za a tsare yara. In maganar ta fito daga bakinsa, bar masa ita, ko da an manta kai ka fara.

Allah ya ba Nagode lafiya, ya sanyaya zuciyar Baffa.