Baba ya ɗauka ɗakin mutuwa muka kama masa

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan uwa na wannan gida. A rufa mini asiri kada a sa sunana, don akwai 'yan garinmu a nan, yayana ma yana leƙowa. Don Allah ku ba ni shawara, a barandar asibiti nake zaune ina wannan rubutu.

Ni malamar firamare ce a Bagudo. Mahaifina masunci ne, ya haura saba'in, duk rayuwarsa tsakanin jirgi da komar kamun kifi da rumfar abokansa ta bakin kogin Kwara ya yi ta, mutum ne da ko fura ba ya iya sha shi kaɗai sai ya kira wani. Kwana goma sha biyu da suka wuce cikinsa ya murɗe ya kumbura, a asibitin garinmu aka ce hanji ne ya toshe, sai an yi aiki, kuma aikin ya fi ƙarfinsu. Yayana da ke aiki a Abuja ya ce ubansa ba zai kwanta a ƙasa yana jiran gado ba, ya sa aka kawo mu wani asibitin kuɗi a birni, ba zan faɗi sunansa ba don mutanen ba su yi mana komai ba sai alheri.

Wallahi da muka shigo na ɗauka direba ya yi kuskure ya kawo mu otal. Ko'ina tayil yana ƙyalli, ga furanni, ga ƙamshi, babu warin magani ko kaɗan. Kowane mara lafiya da ɗakinsa a saman bene, da AC da talabijin da firij da banɗaki a ciki, har da doguwar kujera ta mai jinya. In kana son nas maɓalli za ka danna ta zo da murmushi. Ni da ƙauyancina har hotuna na ɗauka na tura wa dangi, ina jin mun fitar da Baba kunya.

Aiki ya yi kyau, likita da bakinsa ya ce nan da kwana biyar Baba zai taka da ƙafarsa ya sauka. To yau kwana goma da aikin, Baba ba ya ci, ba ya tashi, ba ya magana sai salati. Ya sa na juya masa gado ya fuskanci gabas. Abinci daga waje an hana, nasu ake kawowa a tire da murfi, ya kalla ya kau da kai. Taga ba ta buɗuwa, gilashi ne a manne, ba a jin kiran salla, ba a jin motsin kowa, sai ƙarar AC. Farin zanin gadon ma ya ce a cire, na ɗauka sanyi ne, na shimfiɗa masa atamfata.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, danginmu na ɓangaren Jamhuriyar Benin, wajen su Kawu ƙanen marigayiya Innarmu, sun cika mota sun tsallako iyaka ta Tsamiya sun zo dubiya, da kulolin abinci da busasshen kifi. Kun san yadda muke dubiya, a cika ɗaki, a yi addu'a, a tsokani mara lafiya har ya yi dariya. A geti aka tsayar da su, wai mutum biyu-biyu, da kati a wuya, minti kaɗan, kuma a rage murya. Sai suka riƙa shigowa a tsorace suna saɗaɗawa, su yi raɗa su fita. Wata gwaggonmu da ta ga ɗakin da shirun kawai sai ta fashe da kuka. Ina kallon fuskar Baba a lokacin, amma ban fahimci abin da ya karanta ba.

Shekaranjiya da hantsi ya kira ni, ya fara faɗa mini wanda za a ba jirginsa da inda yake so a binne shi. Na ce haba Baba, likita fa ya ce ka warke, abinci kawai ya rage. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, wanga ɗaki na san shi. Gado guda, ƙohwa a ruhe, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Nas ba ta lallashin wanda za shi tashi. Can gida in sun ga kana da sauran kwana, tsawa suka yi maka."

Nan na gane. Duk ɗan yankinmu ya san wannan. A asibitin garinmu babban ɗaki ne mai gadaje jere, ana hira ana musayar abinci, amma a ƙarshensa akwai wani ƙaramin ɗaki mai ƙofa. Ba a kai mutum can sai an cire rai da shi, don kada sauran marasa lafiya su ga tafiyarsa. Mu a wajenmu keɓe mara lafiya shi kaɗai ba gata ba ne, sallama ce. Ni da yayana boko ya mantar da mu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara huɗu da suka wuce Innarmu aka kai wannan ƙaramin ɗakin. Ni likita ya ja gefe ya faɗa wa gaskiya, ya ce a kira na kira. Na kasa faɗa wa Baba. Da ya tambaye ni me ya sa aka raba ta da mutane, na yi masa murmushi na rantse da Allah sauƙi ne ya samu, an kawo ta nan ne ta huta. Ya yarda da ni, ya ce bari ya je kogi ya samo mata ɗanyen kifi a yi mata romo. Kafin ya dawo ta cika. Ya shigo da kifin a hannu ya tarar an lulluɓe ta. Daga ranar har shekaranjiya bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Don haka da na ce masa wallahi ya warke, na miƙa hannu zan ɗauko Alƙur'ani in dafa, sai ya riƙe hannuna. Ya ce, "Bari, kak ki ƙara ma kanki nauyi. Irin wagga dariya kinka yi mani ran da anka kai uwarki."

Na kawo likita ya yi masa bayani da Hausa, Baba ya saurara har ƙarshe ya ce Allah shi saka, da likitan ya fita Baba ya ce ai dama haka suke cewa. Na roƙi a mayar da shi ɗakin da ke da mutane, aka ce ginin gaba ɗaya babu irin wannan ɗakin, da haka ma suke alfahari. Na roƙi a bar ni in sauko da shi harabar asibiti ya ga jama'a, sun yarda, shi ne ya ƙi, ya ce kada a wahalar da shi a banza.

Yanzu an raba ni gida biyu. Kawu ya ce in sa hannu a takardar fitar da shi bisa ra'ayinmu, ya ɗauke shi mu koma asibitin gida, a kwantar da shi a tsakiyar babban ɗaki cikin 'yan uwansa masunta, ya rantse kwana biyu zai nemi tuwo da kansa. Likita ya ce ɗinkin bai kama ba saboda rashin cin abinci, hanyarmu kuma kun san ta, in ya buɗe a mota babu mai iya taimakonsa, kuma in ciwon ya dawo can ba su da kayan aiki. Yayana ya yi ta faɗa a waya, ya ce camfi ne, in na fitar da Baba wani abu ya same shi, shi da ni har abada. Kawu ya ce masa ya zo da kansa ya ga yadda ubansa ya koma, suka rabu ba daɗi. Likita kuma ya ce in har gobe da azahar bai ci ba, za su sa masa robar abinci ta hanci. Innarmu ma sai da aka sa mata ita kafin a kai ta ƙaramin ɗakin, kuma Baba yana tsaye aka sa. Ina tsoron ranar da ya ga robar nan shi ke nan.

Ina jin tsoro, 'yan uwa, ban taɓa jin irinsa ba. In na bar shi ina kallonsa yana narkewa a ɗakin da na ɗauki hotonsa ina murna, in na ɗauke shi ina iya rasa shi a hanya da sa hannuna a takarda. Takardar tana jakata, motar Kawu tana bakin geti, ya ce gobe da safe zai juya da mu ko babu mu.

Likitoci da nas-nas na wannan gida, akwai wata dabara ta uku da ban gani ba? Waɗanda suka yi jinyar tsofaffi, in ku ne za ku sa hannu? Kuma don Allah ku faɗa mini abin da zan ce wa Baba ya yarda. Wannan karon gaskiya nake faɗa masa, amma da bakin nan na rantse masa a kan Inna.