Kayan Wasan da Adoum Ya Kawo Shago

Zuwa ga Hammana Sulaimanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya a can Duwala, kai da Adda Fadimatu da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan Garwa alhamdu lillahi. Ƙafar mahaifiyarmu Hadje ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa zaure da kanta. Zafi kuwa ka san shi, kogin Binuwai ya ja baya sai yashi. Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Maganar ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba Michel direba ya miƙa maka hannu da hannu.

A kan ƙanenmu Sharif ne. Ka san bayan gyaran waya ya ƙara da na'urorin wasan nan na hannu da yara ke so. Iri biyu ne, kamar yadda ya sha bayyana mana. Akwai rufaffiya, mai tsada, wadda ba ta karɓar wasa sai na kamfanin da ya yi ta, in kuma ka taɓa cikinta, da ta kama rezo, wato sabis ɗin waya, sai su kashe ta daga can inda suke. Sharif ya tsane ta, yakan ce ka sayi abu da guminka amma makullin yana aljihun wani. Sai buɗaɗɗiya, mai araha, da 'yan kasuwa ke shigowa da ita daga Najeriya. Ita duk abin da ka zuba mata ta karɓa. Ita yake yabo kullum, har Hadje ta gaji da ji.

Bayan babbar salla wani mutum mai suna Adoum ya zo shagon, ya ce shi ɗan kasuwa ne daga wajen Bogo. Mai tsabta ne, mai sanyin murya. Ya kawo kwali cike da buɗaɗɗun, da ɗan katin memori, ya ce wasa ne a ciki, a zuba wa kowace don yaran garinsu. Sharif ya zuba bai duba ba. Mutumin ya sake kawo wasu, aka sake zubawa. Abin da ya fara damun Sharif shi ne masu zuwa karɓa. Ba yara ba ne, ba kuma iyayen yara ba. Maza ne a kan moto, wato babur, ba sa sauka, ba sa amsa gaisuwa.

Rannan aka dawo da ɗaya ta lalace. Da ya gyara ya kunna don gwaji, sai ya ga babu wani wasa a ciki. Taswirar hanyar Garwa zuwa Marwa ce, an yi alama a Figil inda manyan motoci ke tsayawa, an yi alama duk inda jandarmomi ke sa shinge. Ga kuma sunayen 'yan kasuwa a jere. Sharif ya ce mini in na'ura biyu suna kusa da juna, suna aika wa juna saƙo ko babu rezo. A shinge ana bincika wayar mutum, amma wa zai kalli kayan wasan yara? Hamma, cikin sunayen akwai Alhaji Mahfuzu mai shanu, abokin marigayi Baba. An ɗauke shi a hanyar nan watan jiya, har yau ba labarinsa. Iyalinsa sun zo mana gaisuwar ƙafar Hadje, ni kuwa na kasa haɗa ido da matarsa.

Da Adoum ya dawo, Sharif ya ce masa kwamfutarsa ta lalace, ba zai iya ci gaba ba. Mutumin bai yi fushi ba ko kaɗan. Sai ya tambayi lafiyar Zainabu, 'yar Sharif. Ya ce ya gan ta tana dawowa daga lekol, wato makaranta, yarinya mai hankali, sai dai ba ta duba hanya kafin ta tsallaka. Sharif bai taɓa gaya masa yana da 'ya ba. Na roƙi Sharif ya je kwamisariya wurin 'yan sanda, ya ce hannunsa ne a cikin kowace na'ura, shi za a fara riƙewa, kuma yana ciki wa zai tsare yarinyar? Ya ce mini da rufaffiyar aƙalla ya san mai makullinta, ita wannan kuwa duk wanda ya ɗauka shi ne ubangidanta. Ya rufe shago, ya kwashe matarsa da Zainabu zuwa Lagdo wurin surukansa masu bandar kifi.

Shekaranjiya bayan la'asar Adoum ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya durƙusa ya gaida Hadje, ya kira ta da sunanta na yanka, wanda ko maƙwabta ba su sani ba. Na ce masa Sharif ya yi tafiya. Ya ce ya sani, kifin Lagdo ya yi araha bana. Sai ya ajiye ɗaya daga cikin na'urorin a kan tabarma, ya ce in Sharif ya dawo ya kunna, za su gaisa. Har yanzu tana nan inda ya bar ta. Hadje ta kife ta da roba, ba wanda ke bi ta gefen.

Abin da nake roƙonka, ka nema wa Sharif da iyalinsa wurin zama a wajenka, ka aiko da amsa ta hannun Michel. Lagdo ba ta ɓoye su ba. Ni da Hadje za mu zauna, ta ce ba ta barin ɗakin Baba. Na yi shawarar zuwa kwamisariya da kaina ranar da suka kama hanya, ba kafin nan ba. Ka taya ni da addu'a.

Hadje tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Ka gaida Adda Fadimatu da yara, da maƙwabciyarku Madam Delphine. In kuma wata baƙuwar lamba ta kira ka, mai murya a sanyaye yana tambayar Sharif, ka ce kun daɗe ba ku yi magana ba. Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Ƙanwarka,
Halime