Golan da Aka Yi wa Laminatin

Malam Ɗanmaliki, a agaza mini da shawara. Abin nan ya wuce na dariya, bai kuma kai na kuka ba.

Ni tsohon akawun ƙaramar hukuma ne a Kusada, na ajiye aiki. Tun ina yaro nake tara katin 'yan ƙwallo, irin na cikin cingam. Furfura ta zo, abin bai sake ni ba. Yanzu a waya nake farautarsu wurin masu sayarwa a intanet, su ba direba ya sauke mini a tashar Kankia. Akwai katin wani gola da aka yi kuskuren bugawa, rigarsa ta fito ruwan ɗorawa maimakon koriya. Shekara huɗu ina nemansa, sai bana Allah ya haɗa mu.

To, maiɗakina Haulatu ta ga yadda nake lallaɓa shi kamar ƙwai. Ranar da za ta Kankia ta haɗa shi da takardun fanshona aka yi musu laminatin, wai kada danshin damina ya ci shi. Ta dawo tana ta murmushi. A wurin masu tara kati kuwa, wanda aka gasa cikin leda ya mutu. Na yi godiya, na haɗiye. Ga shi ta ce ran kasuwa mai zuwa za ta kwashi sauran da ke gwangwanin da nake ajiye su gaba ɗaya, su ma a yi musu. In na yi magana ta san ta yi ɓarna, in na yi shiru sun tafi.

Tsohon Akawu, Kusada

Malam Akawu, shirun nan naka ya fi injin laminatin haɗari. Hajiya ta yi abin da kowa ke yi wa takarda mai daraja, kuma da alama ba ka taɓa zaunar da ita ka buɗe mata gwangwanin ba. Kai ma da gaskiyarka, abin da aka tara tun ƙuruciya ba a sallama shi don kara.

Kada ka ɓoye gwangwanin. Za ta gane, kuma wannan ya fi ciwo. Kafin ran kasuwa ka baje mata katunan a tabarma, ka gaya mata zafi na kashe su. Nemo ledar da ake zura kati a zare, ka ba ta aikin zurawa. Golan kuwa kada ka ce za ka ɓare shi, fuskarsa za ta bi ledar. Dama ba na sayarwa ba ne.

Za ta ji kunya ta yini ɗaya, ta yi maka tsiya ta wata guda kan me ya hana ka faɗa tun farko. Ka ɗauka. Allah ya bar ku tare, ya ƙara lafiya.