Muryar Baban Mubina

Argungu, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Taufiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan yayanka Malam Aminullahi, ya haskaka kabarinsa.

Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma biro da takarda kamar 'yar makarantar kwana. Ka san ina takaba, fita ba tawa ba ce. Ga kwamfutar marigayi nan na ba Maigandi direba ya kawo maka shagonka a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi. Tun ranar sadakar bakwai ta ƙi tashi. Ana kunna ta sai ta nuna baƙin allo da ɗan rubutu, ta tsaya nan.

Ba kwamfutar ce ta dame ni ba. Lokacin jinya, da ya ga jikin ba daɗi, ya riƙa ɗaukar muryarsa a ciki yana yi wa 'yarka Mubina tatsuniya da karatun ƙananan surori. Kullum bayan la'asar sai ta ce a kunna mata Baba. Shekararta huɗu kacal, ina tsoron ta manta muryarsa, kuma ba mu da ita a ko'ina sai nan.

An ce kai ne likitan kwamfuta a Birnin Kebbi. To likita, ga mara lafiya har gida. Ka ceto mini muryar kawai.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka, Ruƙayyatu

Gwadangaji, 9 ga Nuwamba

Yaya Ruƙayyatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Innarmu da Mubina. Saƙo ya iso.

Manhajar da ke tada kwamfutar ce ta lalace. Muna da wani faifai mai ɗauke da wata manhajar daban, Linux, wanda muke sawa a irin wannan hali. Kwamfuta takan tashi daga kan faifan maimakon daga cikinta, kamar a shiga gida ta katangar maƙwabci idan ƙofa ta cije. Daga nan sai a leƙa rumbun ajiyarta a kwashe abin da ke ciki.

Na yi hakan. Rumbun ya riga ya mutu. Ban samu komai ba. Ki yi haƙuri.

Na gode.
Taufiq

Argungu, 13 ga Nuwamba

Ƙanena Taufiq,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarka ta zo, gajera kamar ana cajin kalma, amma na gane kai ma abin ya taɓa ka.

Allah ya saka maka da alheri. Na karanta wa Inna, ta ce Allah ya yi maka albarka, ko ba komai ka yi wa ɗan'uwanka hidimar ƙarshe. Ga busasshen kifi da 'yar sabuwar shinkafa nan, ta gonar yayanka ce ta fadama, wadda bai ga yankanta ba.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar sadakar nan Mubina tana sauraren tatsuniya, mata masu gaisuwa suka cika ɗaki, muryarsa na tashi suna ta kuka. Ni kuma na rasa inda ake kashewa, sai na fizge wayar daga bango. Tun da na karanta takardarka nake cewa ni ce na kashe rumbun nan da hannuna. Abinci ma ya ƙi shiga. Duk lokacin da yarinyar ta ce a kunna mata Baba sai in ji kamar in nutse, don na san wadda ta raba ta da shi.

Ka gaya mini gaskiya, fizgewar nan ce ta jawo?

Allah ya bar zumunci.
Ruƙayyatu

Gwadangaji, 18 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata bayan kin karanta wannan. Kifin yana nan a ƙulle, na kasa buɗe shi.

Ba ke ba ce. Fizgewar da kika yi manhaja kawai ta ɓata, kuma wannan gyaran yini ɗaya ne. Rumbun dama ya tsufa. Ƙarya na yi miki.

Da na sa faifan kwamfutar ta tashi lafiya, rumbun ya buɗe. Amma yana wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, wadda duk mai wannan sana'a ya sani: alamar saura masa mintoci ne. Ƙa'idarmu ɗaya ce, ka fara kwashe abin da ya fi muhimmanci, kada ka buɗe komai, kada ka tsaya kallo. Ni da bakina nake koya wa ɗaliban poli wannan.

Na ga foldar Mubina, sauti arba'in da ɗaya. Filashin da zan kwafe su a ciki yana hannuna. Sai idona ya faɗa kan wata a ƙasanta mai sunana.

Kin san abin da ya shiga tsakanina da Yaya Aminu bara, da na ƙi zuwa yankan shinkafa ya ce a ƙofar masallaci na zama ɗan birni mai ƙyamar laka, ba ɗan gidanmu ba. Wata biyar yana kirana ina kallon wayar tana ƙara. Ko da aka ce yana kwance na ce ciwon nan nasa ne da ya saba, zai tashi. Sai jana'iza na zo.

Tawa na fara kwafa. Sannan na buɗe ta a kan rumbun. Muryarsa a shaƙe, yana cewa: "Taufiq, ni na, Aminu. Ka ƙi ɗaukar wayata, shi as sa nic ce bari in aje maka nan, na san wata rana na'urag ga hannunka za ta zo. Abin da nih hwaɗi ƙohwar masallaci ban kyauta ba. Kai ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Don Allah ka yahe min."

Sau uku na saurara, Yaya, rumbun yana ta ƙararsa ina ji. Da na share ido na koma kan foldar Mubina, ya tsaya cak. Na sa faifan ya fi sau ashirin, na cire rumbun na gwada a wata kwamfutar, na kai wa wanda ya koya mini aiki a unguwar Nasarawa. Rumbun ya tafi.

Sauti arba'in da ɗaya na sayar da minti ɗaya da rabi. Kunya ta sa na ce ban samu komai ba, har na bar ki kina ɗaukar laifin da nawa ne. Ga filashin nan a cikin ambulan. Ita ce kaɗai muryarsa da ta rage a duniya, kuma ban cancanci riƙe ta ba.

Ba ni da bakin neman gafara, amma ina nema.
Taufiq

Argungu, 23 ga Nuwamba

Taufiq,

Wa alaikas salam.

Na yi kwana biyu ban taɓa filashin ba. Jiya bayan la'asar Mubina ta sake tambaya, na sa mata a rediyon Inna. Ta gane shi tun daga kalmar farko, ta rungume rediyon. Da ya ƙare ta ce a sake. Sai ta ɗago ta ce, "Umma, Baba Taufiq ya yahe mai?"

Na ce ban sani ba.

Maganar tawa yafiyar ka bari in fita takaba, yanzu zuciyata ba ta da wurin. Amma yarinyar nan tambayarta ke nan tun jiya, kuma ba ni aka roƙa ba. Motar Maigandi tana tashi ƙarfe bakwai ranar Juma'a. Ka zo ka ba ta amsa.

Ruƙayyatu