Albasar da Mama Ke Bari a Gindin Tukunya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi abin da nake zaton alheri ne, ya juye mini, yanzu ko ido ba na iya haɗawa da mahaifiyata.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin titinmu, kuma ni ce auta a gidanmu. Tun da aurena ya mutu shekara shida da suka wuce na dawo wurin Mama, mu biyu muke zaune. Ta haura shekara saba'in. Tun muna yara, da zarar sanyi ya shigo, kowace Lahadi da yamma takan dafa romon kaza da dankali da karas da citta, a wata babbar tukunya mai lanƙwasasshen murfi. Har gobe yayyena maza uku ba su daina zuwa ba, da matansu da 'ya'yansu. A rufe tagogi, a cika falo, tururi ya lulluɓe gilashi, yara su riƙa rubuta sunayensu a jiki da yatsa. Ita take rabawa da hannunta, kowa da tsokarsa, sannan ta koma kicin ta ci nata ita kaɗai a kan 'yar kujera. Mun yi mun yi ta zauna cikinmu, ta ce ita ɗumin murhu take so.

Bana, Lahadin farko, romon bai ciyu ba saboda gishiri. Yara suka ture kwanukansu. Babban yayanmu, wanda ke fama da hawan jini, ya daure ya shanye nasa don kada ta ji babu daɗi, washegari ya tashi da ciwon kai. Mako na biyu na tsaya a kicin ina lura. Ta zuba gishiri, ta juya ta yanka karas, ta dawo ta sake zubawa, ta ɗanɗana ta gyaɗa kai. Da za su tafi na ji matar yayana na biyu tana cewa cikin raha gara su riƙa zuwa da abincinsu. Raha ce, amma ta soke ni.

Na kasa gaya wa Mama. Matar da duk layinmu ake aiko yara su tambaye ta yadda ake girki, ni ce zan ce mata harshenta ya daina aiki? Sai na yi dabara. Na riƙa dafa irin romon a bayan shago a kan ƙaramin risho, in kawo a kula. Idan ta sauke nata ta shiga wanka kafin baƙi su iso, sai in juye nata a wani mazubi in ɓoye, in zuba nawa a tukunyarta. Nata kuwa ban taɓa zubarwa ba, ni nake ƙara masa ruwa in yi ta sha a shago har mako ya ƙare. Lahadi uku aka yi haka. Kowa ya ci ya suɗe kwano, ana ta yabon hannun Mama, ni kuma ina jin kaina kamar na ci jarrabawa.

Duk lokacin da na juye nata ina ganin albasa guda, ba a yanka ba, kwance a gindin tukunya. Na ɗauka wata mantuwar ce, har na yi ƙwalla don tausayi.

Lahadin da ta biyo baya Mama ba ta ɗora tukunya ba. Ta ce ƙafa ke damunta. Ta gaba ma haka. Yanzu shayi da burodi kawai take ci da yamma, ta ja bargo ta zauna a ɗakinta, rediyo na magana ba ta saurare. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, ita ta warware mini. Ashe tun kafin a haife ni Mama ke jefa albasa guda a romon, ita take tsamowa ta ci bayan ta sallami kowa. Ta gaya wa Inna Ƙarama cewa sau uku tana saka albasa da hannunta ta neme ta ta rasa. Da fari ta tsorata, ta ɗauka hankalinta ne ya fara gushewa, ta kwana biyu tana kuka a ɓoye. Daga baya ta ga kular a bayan ƙofa, ta gane. Ba ta ce mini uffan ba, kuma ta hana Inna Ƙarama faɗa mini, ita ce dai ta kasa riƙewa.

Anti, ina jin kunya, ina kuma jin haushi, domin ban ga wata hanyar da zan bi ba a lokacin. In yi shiru kamar ban san ta sani ba? In faɗa wa yayyena? Sanyi ya kusa wucewa, ina tsoron kada tukunyar nan ta tafi ke nan.

'Yar auta mai ɗinki

*

'Yar'uwata 'yar auta,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ba mugunta kika yi ba. Wadda ta yi mako uku tana shan romo mai gishiri a shago don kada girkin uwarta ya shiga shara ba za a kira ta marar tausayi ba, kuma lafiyar yayanki ba abin wasa ba ce. Sai dai garin neman gira kin taɓa ido. Kin kare ta daga jin kunya, kika jefa ta cikin tsoron cewa hankalinta ya tafi. Sannan kika bar ta tana karɓar yabon abin da ba ita ta dafa ba, a gaban 'ya'yanta da surukanta. Ki auna yadda hakan yake ga macen da ta yi shekara hamsin a gaban wannan tukunya.

Kada ki yi shiru. Shirunta ba yafiya ba ce, kara ce take yi miki, kuma idan kika biye mata haka za ku ƙare kuna gaisawa kamar maƙwabta. Ki same ta ku biyu, ki zauna ƙasa, ki faɗi abin da kika yi, ki nemi gafara. Kada ki fara da kare kanki. Maganar gishirin ma ki faɗa mata gaskiya, da taushin murya. Babba ce, ta ji abin da ya fi wannan ɗaci a rayuwa. Yayyenki kuwa ki bar su tukuna, ita ke da ikon faɗa musu ko ta rufe.

Bayan haka ki raka ta wurin likita. Dushewar ɗanɗano da yawan mantuwa suna da dalilai da yawa, wasu ma daga magungunan da mutum ke sha ne. Gara a duba da a zauna ana zato.

Ranar Lahadi ki rufe shago da wuri. Ki sayo kaza ki ajiye mata, ki ce kin zo koyo, kuma koyon za ki yi da gaske, tunda kin kwaikwayi romon amma kin bar albasa. Ku auna gishirin ranar tare a ɗan ƙaramin kofi, ku ɗauke sauran daga kicin. In kofi ya zama wayam, an zuba ke nan, babu mai tuna wa wani. Ki zama harshenta, ita ta zama hannu.

Akwai abu guda da na ga ya wuce ki. Kin ce kowa da tsokarsa, ita kuma tana ci a kicin don ɗumin murhu. Kaza guda ko biyu, gida cike da baki, kin taɓa lissafa abin da ke saura? Ni dai ina zaton ba ɗumi ke kai ta kicin ba. Ba ta so ku ga abin da ke cikin kwanonta ne, kuma albasar nan ita ce namanta tun kuna yara.

Don haka wannan karon, idan ta gama rabo, ki ɗauki kwanonki ki bi ta kicin, ki ja kujera kusa da tata. Ki bar ta ta tsamo albasarta da kanta, ke kuma ki ɗora mata cinyar kazar da ta zuba miki. In ta ƙi, ku raba biyu, har albasar.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya daidaita tsakaninku, ya sa ku ga sanyin baɗi tare a gaban tukunyar nan.

Taku,
Anti