Tsamiyar Bakin Gulbi

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ka, Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Amma cikina ya cika, kuma duk wanda na buɗe wa baki a garin nan abu ɗaya yake ce mani, in yi haƙuri. Kai dai ba za ka katse ni ba.

Gida lafiya lau. Damina ta kankama, gero ya wuce gwiwa. An sako ruwa daga madatsar Goronyo, gulbi ya cika. Inna ta daina zancenka a gaban mutane, amma har yau ba ta yarda kowa ya taɓa sandarka ba.

An raba gado, Baba. Wannan ne ya sa na zauna rubutu.

Ka tuna hanyarmu ta bayan la'asar? Mu fita ta bayan gonakin albasa, mu hau jinga, mu bi bakin gulbin Rima a hankali har lanƙwasar da tsamiya take. Ba hawa ba gangara, shi ya sa ko da gwiwarka ta tsananta ba ka fasa ba. Ina ƙarama kai ke riƙe hannuna, daga baya ni na koma riƙe naka. A nan ka koya mani in rufe baki in buɗe ido: zalɓe tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, balbelu a bayan shanu, guza kwance kan yashi yana shan rana. Dinya kuwa, agwagwar dajin nan, sai mun yi sa'a muke ganinta. Mutanen Wurno suna yi maka dariya, wai dattijo da gemunsa ya tafi gaida tsuntsaye. Ni ban taɓa gaya maka ba, amma a hanyar nan kaɗai nake jin ni ma 'yarka ce sosai, ba sai maza masu riƙe garma ba.

Kullum muka zauna gindin tsamiya sai ka ce wannan ɗan filin da ka ƙi nomawa nawa ne, ni da tsuntsaye. To a gaban wa ka faɗa? A gaban zalɓe? Zalɓe ne zai zo zauren gida ya ba malamai shaida? Kai da ka san addini, ka san kyauta sai an miƙa ta da rai, a gaban mutane. Mi ya hana ka kiran dattijai biyu? Kullum ka ce sai bayan kaka, sai an cire albasa, har Allah Ya ɗauke ka.

Da aka ja igiyar awon gonaki, filin ya faɗa rabon Yaya Bello, don yana manne da gonarsa. Na ce a ɗauki nawa rabon na jigawa a ba ni nan. Ya yi dariya, ya ce mi mace za ta yi da bakin gulbi. Shi albasa zai zuba har bakin ruwa, kuma inuwar tsamiya tana tare masa rana. Ban ce ya zalunce ni ba, haƙƙinsa ne. Da kai nake fushi, Baba. Allah Ya yafe mani, amma fushi nake yi da kai.

Ya kawo masu gawayi da injin yankansu. Da suka ɗaga kai suka ga sheƙar shamuwa a sama, sai suka sauke injin. Ka san garin nan, babu mai sare icen da shamuwa take kwanci a kansa. Dattijai suka ce a dakata sai 'ya'yanta sun tashi. Yaya Bello ya yarda, ya ce ai ba sauri yake ba.

Abin da ya rage mani ke nan. Kowace la'asar ina bin hanyarmu ni kaɗai, maigidana ya gaji da magana ya ƙyale ni. Na ga lokacin da aka ƙyanƙyashe 'ya'yan shamuwar, na ga farin gashinsu yana komawa baƙi. Da can ranar da ɗan shamuwa ya fara tashi, tafi kake yi har sandarka ta faɗi, mu koma gida kana ba kowa labari.

Jiya babban cikinsu ya tsaya a bakin sheƙa, ya buɗe fikafikansa yana kaɗawa. Ka san abin da 'yarka ta yi? Na ɗaga hannu na roƙi Allah kada ya iya. Ɗan tsuntsun da bai yi mani komai ba, Baba, nake wa fatan ya kasa tashi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Gobe ma zan je.

Ni ce 'yarka mai fushi da kai,
Hajara