Kek ɗin Thorkild

Esbjerg, watan Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, da sauƙi? Baba ya gama sauko da tumaki daga kan dutse? Ni lafiya lau nake. Ɗakin ne dai da ɗan sanyi, kuma ba na cin abinci sosai, amma kada ki sa wannan a ranki.

Kin san muna zana hasumiyoyin injin iska mai samar da lantarki da ake kafawa cikin teku. Akwai wata manhajar kwamfuta da nake sara wa. Sai in zuba mata bayanan dukan igiyar ruwa na shekara da shekaru, kafin shayina ya huce ta nuna mini inda ƙarfe zai fara tsagewa. Makon jiya ta shafa ja a kan wata walda da shugabanmu Thorkild ya riga ya amince da ita. Mutane ne za su hau hasumiyar nan, ni kuma ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Duk da haka na kai masa sakamakon. Ya daɗe yana kallo.

Washegari sai ga shi niƙi-niƙi da kek. A nan, wanda ya yi kuskure shi ke ciyar da ofis.

Ya miƙo mini wuƙa, ya ce, "Rannvá, ke kika jawo mini, ke za ki yanka. Ki ba ni ƙarami, ban cancanci babba ba."

Mama, ki aiko mini da busasshen naman tunkiya, na yi wa Thorkild alkawari. Allah ya ƙara miki lafiya.

Mama, tun zuwana garin nan, ranar na fara cin abu na ƙara.

'Yarki,
Rannvá